Aikin Fursuna: Ina Iyakar Halal, Ina Farkon Zalunci?

Daga Akawun Cikin Birni, Kano

Malam Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da wani dattijo na unguwarmu ya yi mini, wadda na ga ba shi kaɗai ta dama ba.

Ran Asabar da ta wuce, da hantsi, muna zaune a ƙofar gidansa sai ga waɗansu fursunoni su shida, da fatanyu da shebur a kafaɗa, gandiroba na biye da su, za su yashe wata magudanar ruwa. Dattijon nan ya bi su da kallo har suka sha kwana, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, kai da ka yi boko, kana ta'ammali da takardun Gwamnati, warware mini wannan. Tun muna yara mu ke jin an hana bauta a ƙasar nan. To, mutumin da a ke korawa zuwa aikin da bai zaɓa ba, ba lada, ba kuma ikon ya ce a'a, me ya raba shi da bawa?"

Na ce, "Baba, ai mai laifi ne." Ya ce, "Ka tabbata? Kai ka ga takardar hukuncinsa?" Na yi shiru, gama ban gani ba. Na roƙe shi ya ba ni kwana bakwai. Ga abin da na samo, na kuwa ga ya kyautu in shimfiɗa shi a gaban jama'a.

Amsar a taƙaice ita ce, doka ta yarda a sa mai laifi aiki ko ba ya so, amma bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, sai kotu ta yanke masa hukunci. Na biyu, sai aikin ya zama a hannun hukuma da tsaronta. Na uku, kada a ba da shi haya ko aro ga wani mutum ko kamfani. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, aikin ya tashi daga horo ya koma abin da dattijonmu ya kira shi.

Bari mu fara da dokar da ta fi kowace a Nijeriya, watau Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 34 ya hana a azabtar da mutum ko a wulakanta shi, ya hana a riƙe shi cikin bauta, ya kuma hana a sa shi aikin tilas. Amma nan take, cikin sashen, sai aka jera waɗansu ayyuka da aka ce ba su shiga cikin aikin tilas ba. Na farkonsu shi ne aikin da ya biyo bayan hukunci ko umurnin kotu. Sauran su ne aikin soja da ɗan sanda, da aikin da bala'i ko annoba suka wajabta, da irin aikin gayya da kowane gari ya saba da shi, da bautar ƙasa. Jama'a su lura da kalmar nan, kotu. Ba a ce umurnin ɗan sanda ba, ba a ce na gandiroba ba, ba a kuma ce na mai unguwa ko wani mai hannu da shuni ba.

Wannan magana ba a nan aka fara ta ba. A shekarar 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zauna a birnin Jeniba, ta yi yarjejeniya mai lamba 29 a kan aikin tilas. Ita ce ta fayyace sharuɗɗan nan uku da na ambata. A 1957 aka ƙara wata, mai lamba 105, wadda ta hana a yi amfani da aikin tilas don horon mutum saboda ra'ayinsa na siyasa, ko don ya shiga yajin aiki, ko don a raya tattalin arzikin ƙasa da guminsa, ko don bambancin ƙabila ko addini. Nijeriya ta amince da su duka biyu cikin watan Oktoba na 1960, watau watan da ta sami mulkin kai. Saboda haka ba bakon abu ba ne, alkawari ne da muka ɗauka da hannunmu.

Wani zai ce, ina amfanin wannan tsantseni duka a kan ɓarawo? Mu mutanen Kano ba sai mun tafi nesa neman amsa ba, tarihin garinmu ya ishe mu.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birni da kansa, ya kuma rubuta abin da ya gani cikin rahotonsa. Ɗaki ne da aka raba biyu, kowane sashe tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, ƙofarsa kuwa sai an rarrafa. Ya ce mutum 135 a ke cusawa ciki kowane dare, ba wurin kwanciya, ba iska. Masu tarihi kuma sun ambaci Gidan Ma'ajin Watari, inda iyayengiji kan kai bayinsu a hore su. Turawa suka yi ta ba da labarin kurkukun nan a Ingila domin su nuna cewa zuwansu rahama ne. A 1901 Lugga ya riga ya yi shela cewa duk ɗan da aka haifa bayan watan Maris na wannan shekara ɗa ne, ko da ya ke ba a kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa, kusa da Gidan Rumfa, a ƙarƙashin En'e.

To, amma waɗanda suka hana bauta su ma suna bukatar hannuwa masu arha. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda aka fara a 1907 ta iso Kano a 1911, da mutanen da aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai aka yi ta. Fursunonin En'e kuwa su ne masu sharar titi, da yankan ciyawa, da gyaran hanya, da kwasar ƙazantar gari. Ingila ta amince da yarjejeniyar Jeniba a 1931, aka kuma kafa dokar aikin tilas a Nijeriya a 1933. Duk da haka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai daga 1942 zuwa 1944 aka shiga ɗibar talakawa dubbai daga lardunan Arewa a kai su haƙar kuza a Jos. Shi ne kakanninmu ke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyin dutse da cuta suka kashe su, ba su komo ba. Waɗannan ba su saci ko allura ba. Yarjejeniyar ta bar ƙofa domin lokacin yaƙi, ta nan aka bi.

Abin da na ke so mai karatu ya riƙe daga wannan shi ne, duk inda doka ta ce "an hana, sai dai", to, masu neman aikin banza za su taru a bakin wannan "sai dai". In ba a tsare ta ba, ita za ta haɗiye hanin.

Ƙasar Amurka ta ɗanɗana wannan fiye da kowa. A 1865, bayan yaƙin basasarsu, suka yi wa tsarin mulkinsu gyara na 13, wanda ya hana bauta da aikin tilas, sai dai in horo ne ga wanda aka tabbatar wa laifi. Nan da nan jihohin kudu suka kafa dokoki masu mai da zaman banza da yawon neman aiki laifi. A kama baƙar fatan da aka 'yanta jiya, alƙali ya ɗaure shi, jiha ta ba da shi haya ga masu gonaki da masu ramin gawayi da masu shimfiɗa hanyar jirgi. Da mai bawa kan ji tsoron bawansa ya mutu, gama dukiyarsa ce. Mai hayar fursuna kuwa ba ruwansa, in wannan ya mutu a kawo wani. Jihar Alabama ba ta daina wannan ciniki ba sai 1928. Har yanzu ba su gama da maganar ba. Jihar Kolorado ta cire wannan togiya daga tsarin mulkinta a 2018, Nebraska da Yuta a 2020, Alabama da Oregon da Tenesi da Bamont a 2022, Nebada a 2024. Amma a wannan shekara ta 2024 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka ƙi cirewa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Mu komo gida. A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e duka ta haɗe su da nata. A 2019 aka kafa sabuwar doka wadda ta sāke musu suna, suka zama gidajen gyaran hali. Dokar nan ta faɗi abubuwan da ya kamata kowane mai ɗan'uwa a tsare ya haddace. Ta ce ba a riƙe ɗaurarre cikin bauta. Ta ce aikin da za a sa shi kada ya zama na azaba, kada kuma ya zama domin amfanin wani ma'aikacin gidan shi kansa. Ta ba likita ikon ya ce wane ba ya iya aiki. Ta kuma ce abin da aka samu daga gonaki da sana'o'in gidan a raba shi uku, kashi ɗaya na waɗanda suka yi aikin ne. Wannan ya yi daidai da ƙa'idodin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, mutumin da shi kansa ya yi shekaru yana fasa dutse a kurkukun tsibirin Robin.

A takarda kam ba mu da abin kunya. Amma ni akawu ne, na kuwa san nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa. Ga inda gizo ke saƙa. Cikin ɗaurarrun ƙasar nan, a ƙidayar 2024, kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce duk wanda a ke tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Shari'ar Musulunci ma, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, mai ƙara ta ɗora wa nauyin kawo shaidu, ba wanda a ke ƙara ba. Saboda haka mai jiran shari'a ba shi cikin waɗanda sashe na 34 ya halatta a tilasta wa aiki. Ƙa'idodin Mandela sun ce a ba shi dama ya yi aiki in yana so, a kuma biya shi, amma ba a tilasta masa.

Ba da ka na ke wannan magana ba. Shekara biyu da suka wuce wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo gidanmu da magariba tana kuka. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka iya rubutu, ka taimake ni." Jikanta, yaro mai koyon ɗinki, ya tafi wani gari a wata jiha wajen maigidansa, faɗa ya tashi a kasuwa, aka kwashe duk wanda ke kusa, har da shi. Aka kai su kotu sau ɗaya, aka ce a tsare su. Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, in Allah ya so zai fito." Na rubuta takardar koke ta fari, na rubuta ta biyu, na rubuta ta uku, har wani lauya mai tsoron Allah ya karɓi maganar kyauta. Yaron nan ya yi wata tara a tsare. Ranar da aka koma kotu ba wanda ya zo ba da shaida, alƙali ya sallame shi.

Da ya komo na ga tafin hannunsa duk kanta. Na tambaye shi, ya ce tun daga shuka har girbi a kan fita da su gona. Na ce, gonar gidan yari? Ya ce shi dai bai ga allon Gwamnati ba, ya ga mai gona na zuwa da mota yana gaisawa da masu tsaronsu. Ya ce har rububin fita su ke yi, domin a gona akwai iska, akwai kuma tuwo mai ɗan auki. Ban ambaci sunan wurin ba, ba kuma zan ambata ba, gama na san akwai gandirobobi masu amana da yawa waɗanda ke aiki mai wuya a kan albashi kaɗan, ba na so in shafa musu kashin kaji. Amma a auna wannan da sharuɗɗan nan uku. Kotu ba ta yanke masa hukunci ba. Gonar ba ta hukuma ba ce. Amfanin kuwa ya shiga rumbun wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cewa da za a yi ai da son ransa ya fita, wannan ba hujja ba ce. Wanda aka ba zaɓi tsakanin ɗaki mai cunkoso da gonar wani, ba a ba shi zaɓi ba.

Na san akwai masu cewa, "Ku 'yan boko kun cika tausayin ɓarayi. Wanda aka fasa wa shago fa, shi wa ya tausaya masa?" Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Ni ma an taɓa haura mana gida, na san zafin abin. Amma ina tambayarsu, in an kai ɓarawon nan ya nome gonar wani babban mutum, ko kwabo nawa ya shiga aljihun mai shago? Ba ko anini. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ranar da ɗaure mutane ya zama hanyar samun riba ga wani, daga ran nan akwai wanda ba ya so gidan yari ya rage cika, ba ya kuma so shari'a ta yi sauri. Yau jikan tsohuwar nan ne, gobe ɗan wa?

Akwai kuma masu cewa a hana fursuna aiki sam. Su ma ban bi su ba. Duk wanda ya taɓa kai ziyara gidan yari ya san zaman banza shi ne babbar azaba, shi ne kuma makarantar da ƙaramin ɓarawo ke zama gawurtacce. Mutumin da ya shekara uku yana koyon kafinta, ko ɗinki, ko walda, ko dukanci, ya fito da sana'a a hannu da ɗan jari da aka tara masa, ya fi wanda ya shekara uku yana ƙirga azara. Aiki ba shi ne abin ƙi ba. Abin dubawa shi ne wa ya yi umurni da shi, da wa ke cin moriyarsa.

Har ma dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, da takwararta ta Jihar Kano ta 2019, sun buɗe wa alƙalai wata hanya, watau hukuncin yi wa jama'a hidima. Maimakon a ɗaure mai ƙaramin laifi, sai a yanke masa ya share kasuwa ko asibiti, ko ya yashe magudana, na 'yan kwanaki ƙidayayyu, ya kwana gidansa, iyalinsa ba su tagayyara ba. Wannan ma aikin tilas ne, amma irin wanda doka ta sani: kotu ta yanke, hukuma ta tsare, gari ya amfana. Birnin da damina ke cika wa lunguna da ruwa kowace shekara ba zai rasa inda zai sa irin waɗannan hannuwa ba.

Saboda haka ina da roƙo huɗu, ina kuwa yin su da ladabi.

Na fari, ga shugabannin gidajen gyaran hali. A ajiye littafi a bakin ƙofa, duk wanda aka fita da shi aiki a rubuta sunansa, da lambar hukuncinsa, da inda aka kai shi, da wanda ya ba da izini. Mu akawuna mun san abin da aka rubuta shi ke jin tsoron mai bincike.

Na biyu, ga alƙalanmu, Allah ya ƙara musu adalci. Sa'ad da Babban Joji ya kai ziyara domin rage cunkoso, a riƙa tambayar masu jiran shari'a ko ana fita da su aiki, a kuma tambaye su ba a gaban masu tsaronsu ba. A kuma yawaita hukuncin hidimar jama'a ga masu ƙananan laifuffuka.

Na uku, ga Gwamnatin Jiha. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2023 jihohi sun sami ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, ba a bar wa Tarayya ita kaɗai ba. A 2025 kuma Gwamnatin Kano ta bayyana niyyarta ta mai da gidan Kurmawa gidan tarihi, a kai ɗaurarru Janguza. In Allah ya nufa haka ta tabbata, ina fata a keɓe ɗaki guda a nuna wa 'yan makaranta tarihin aikin tilas a ƙasar Kano, tun daga kurkukun da Lugga ya gani har ɗiban gwamna, kada a ɓoye laifin kowa, namu ko na Turawa. Sabon wurin kuma a cika shi da ɗakunan koyon sana'a, kada a kwashe tsohuwar al'ada a kai sabon gini.

Na huɗu, gare mu talakawa, gama laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Mai gonar nan da ya zo da mota ɗan'uwanmu ne, a sahu ɗaya mu ke salla ko a kasuwa ɗaya mu ke ciniki. Wanda aka yi wa tayin fursunoni su nome masa gona, ko su yi masa yaɓe, ko su share masa gida don biki, ya sani arhar nan gumin wani ce da bai yafe ba. Ga 'yan ƙwadago nan birjik a bakin kasuwa suna jiran mai kira, a ɗauke su a biya su haƙƙinsu.

Jiya na koma wajen dattijon nan na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To, mutanen nan shida da muka gani, halal ne ko haram?" Na ce, "Baba, magudanar ta gari ce, gandiroban na hukuma ne, sharaɗi biyu sun cika. Saura na ukun, ko alƙali ya yanke musu hukunci, wannan sai an duba littafi." Ya ce, "To, a duba mana." Ni ma abin da na ke roƙo ke nan.

Allah ya kiyashe mu da cin haƙƙin wanda ba shi da bakin ƙara, ya fid da marar laifi daga ɗauri, ya shiryi mai laifi. Amin.

Wassalam. Naka,
Akawun Cikin Birni, Kano.